Kafin Kankare Ya Rufe Rodi

Laccar da aka gabatar a Kura, a taron ɗaliban sakandare da iyayensu daga Kura da Bunkure da Garun Malam



Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatai da masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Malamaina, iyayena maza da mata, ƙannena ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Waɗanda suka gayyace ni sun ce in zo in yi wa yara bayanin karatun gini a jami'a, da irin abincin da mutum zai ci da shi in ya gama. Zan yi, in Allah ya yarda. Amma ku yi mini haƙuri in fara da abin da idona ya gane mini a hanya yau da safe. Tun daga Karfi na soma ƙirga sababbin gine-gine a bakin titin Zariya: injinan casar shinkafa, manyan sito-sito, gidajen mai, jerin shaguna, benaye masu hawa ɗaya da masu hawa biyu. Kafin in iso Kura ƙirgar ta ɓace mini. A da, in an ce Kura a kasuwar Agadas, abin da ke zuwa ran mutum shi ne rini, baƙin yadi mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa. Yau in an ce Kura sai a ce shinkafa, in an ce Kwanar Gafan sai a ce tumatir. Kuɗin shinkafa da tumatir ɗin nan kuwa ba a banki suke kwana ba. Bulo suke zama. Alhamdu lillahi, arziki ne.

Tambayar da ta dame ni ita ce: a cikin gine-ginen nan duka, guda nawa ne wani mai ilmin abin ya tsaya a kansu ranar da ake zuba kankare?

Na ce ranar zuba kankare, ban ce ranar buɗe gini ba. Ranar buɗewa kowa gwani ne, an yi fenti, an sa tayil, an shimfiɗa tabarmi. Amma ran gini yana cikin abin da ido ba zai sake gani ba. Zurfin harsashi, kaurin rodi da yawansa, tazarar zoben da aka ɗaure ginshiƙi da shi, yawan simintin da aka sa wa yashi da tsakuwa, duk ana binne su ne a yini ɗaya. Daga ranar babu mai ganinsu sai in ginin ya faɗi. Tela in ya ha'ince ka, za ka gani a jikinka ranar Sallah. Magini in ya ha'ince ka, mai yiwuwa jikanka ne zai gani.

Ku kuma mutanen wannan yanki kuna da wani dalili na musamman da ya sa maganar ta shafe ku, kuma dalilin shi ne ruwa.

Dattawan da ke zaune a nan sun san lokacin da babu noman rani sai a fadama da jigo. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka fara madatsar Tiga a 1971, aka gama a 1974. Yara, ku san wani abu: Tiga ba tulin kankare ba ce. Ƙasa ce. Ƙasa aka jibga shimfiɗa bayan shimfiɗa, ana yayyafa ruwa, ana dannewa da manyan injina, ana ɗibar samfuri ana gwadawa kafin a ɗora ta gaba, har ta yi tsawon kusan kilomita 6. Daga can ruwa ke gangarowa ta Ruwan Kanya, ya rabu gabas da yamma, ya iso gonar babanku a Kadawa ko Bunkure ko Kosawa ba tare da famfo ya tura shi ba. Gangara kawai yake bi. Wato wasu mutane sun tsaya cikin rana da na'urar awo suna lissafin 'yan santimita, don da an yi kuskure kaɗan a gangarar babbar magudana, da ruwan ya tsaya a hanya ko ya ɓalle inda ba a so. Duk buhun shinkafar da aka auna a kasuwar Kura akwai hannun waɗannan masu awo a ciki, ko da ba wanda ya san sunansu.

To amma ƙasar da ta sha ruwa rani da damina shekara hamsin ba ita ce ƙasar da kakanninmu suka yi gini a kai ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso a wurare da yawa. Kun fi ni sani: akwai unguwannin da in aka haƙa masai, kafin a kai gaba ɗaya ruwa ya tsatso. Ku dubi gindin bangon gidaje, za ku ga laima ta hau kamar kamu biyu ko uku, fenti yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa. Mutane sai su ce fentin ne ba mai kyau ba, su sake sayen wani. Ba fenti ba ne. Bulo ne ke tsotsar ruwa daga ƙasa kamar yadda lagwani ke tsotsar kananzir. Ruwan ya ƙafe, gishirin da ya ɗauko ya tsaya cikin bango yana cin sa. Maganinsa ba shi da tsada in an yi shi a lokacinsa: a ɗaga gini sama da ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri kafin daɓen kankare, a sa abin tare laima a kan harsashi, wanda magina ke kira DPC. In an wuce wannan mataki, sai dai a yi ta asarar fenti har tsufa.

Ga wani misalin da ya fi wannan haɗari. Mutum ya gina bene don iyalinsa. Kaka ta yi, farashin shinkafa ya faɗi, ya ce bari in ajiye sai ta yi tsada. Ina zai sa? Ɗakin sama babu kowa. Bari mu yi lissafi tare. Dekin gidan zama, injiniya yakan tsara shi ne ya ɗauki nauyin mutane da kaya kimanin kilo 150 zuwa 200 a kan kowace murabba'in mita. Buhu mai kilo 50, a ce biyu ne kawai suka kwanta a murabba'in mita ɗaya, aka jera goma a kan juna. Buhu 20 ke nan, kilo 1,000, tan guda cur. Ninki biyar ko fiye na abin da aka yi dekin dominsa. Mai gidan ba mugu ba ne, ba wanda ya taɓa gaya masa ne. Haka wanda ya mai da shago ma'ajiyar takin zamani, bai san wasu nau'o'in takin, musamman mai sinadarin salfa, suna cin kankare suna sa rodi tsatsa in laima ta same su ba. Haka mai injin casa da ya girka inji mai girgiza a kan daɓen da aka yi don tabarma.

Wannan ilmin shi ake koyarwa a sashen gini na jami'a. Ba ɗora bulo a kan bulo ba.

Kada kuma wani ya ɗauka Turawa ne suka kawo mana duba gini. A Babila, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, dokar sarki Hammurabi ta yanke cewa maginin da gidansa ya rushe ya kashe mai gida, shi ma a kashe shi. A Tunis, a ƙarni na 14, an yi wani magini Bamalike, Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya dubo bangon da ya karkata ko magudanar da maƙwabta ke rigima a kanta, ya dawo ya ba da shaida. Har littafi ya bari, Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan, malamanmu na fiƙihu za su ji daɗinsa. A nan gida muna da Sarkin Magina, wanda in ya ce soro bai yi ba, to bai yi ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da tubali da azara, kuma bakan gizonsa ya yi shekara da shekaru a tsaye. A Yama ta ƙasar Tawa, a Nijar, masallacin ƙasa da Falke Barmu ya gina ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Waɗannan mutane sun san ƙasar da ake kwaɓawa, sun san kwana nawa za ta yi tana ruɓa, sun san iyakar tazarar da azara ke ɗauka. Kuma in gini ya faɗi, gari duka ya san gidan wanda za a je.

Abin da ya same mu shi ne mun bar ƙasa mun koma siminti, amma ba mu tafi da Sarkin Magina ba. Kayan aiki sun canja, idon da ke tsaye a kansu ya ɓace. Iyayenmu sun tuna duba-gari, wanda in aka hango hularsa mata ke rige-rigen wanke randa. Yau a yawancin garuruwanmu mutum zai tashi bene hawa biyu, ba wanda ya tambaye shi ko da zane. A birnin Kano akwai hukumar KNUPDA mai ba da izinin gini, ga kuma sashen ayyuka a kowace ƙaramar hukuma, amma ginin da ake yi ya fi ƙarfin ma'aikatan da ke akwai nesa ba kusa ba.

Sakamakon kuwa muna jin sa a rediyo. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas, mutum fiye da 40 suka rasu. A ƙarshen Agusta 2022 wani bene da ake ginawa ya faɗo a titin Beirut, nan Kano, kan 'yan kasuwar waya. Ranar 12 ga Yuli 2024 makaranta ta rufta wa ɗalibai a Jos, aka rasa rai 22, yara kamar ku. Ta ɓangaren ruwa ma ba sai an ba ku labari ba: madatsar Bagauda ta ɓalle a Agusta 1988, akwai waɗanda ke zaune a nan da suka ga ɓarnar da idonsu. A Satumba 2024 ta Alau ta ɓalle, Maiduguri ta kwana cikin ruwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya ce a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali bai ce a rage rodi ba.

Yanzu bari in zo kan karatun.

Gini guda, in za a yi shi bisa ƙa'ida, hannu da yawa ke taɓa shi, kuma yara sukan rikita su. Akwai mai safiyo, shi ke auna fili. Akwai mai zanen gini, shi ke tsara ɗakuna da iska da haske, hukumarsu ita ce ARCON. Akwai injiniya, shi ke lissafin nauyi ya ce ga kaurin ginshiƙi ga yawan rodi, hukumarsu COREN, wadda aka kafa a 1970. In burinka madatsa ne da gada da babbar magudana, to layinka ke nan, injiniyan gine-gine ko na albarkatun ruwa, kada ka yi kuskuren kwas. Akwai mai ƙiyasin kuɗi, wanda zai gaya wa mai gini buhun siminti nawa aikinsa zai ci tun kafin a sari ƙasa. Sannan akwai wanda nake magana a kansa, magini mai rajista. Shi ne ke karɓar takardun waɗancan duka ya mai da su gini. Shi ke tsara wane aiki ke gaba da wane, lebura nawa, kaya yaushe za su iso, wane gwaji za a yi kafin a wuce mataki, yaya za a yi kada wani ya faɗo daga sama. Dokar da ta kafa hukumarsu, CORBON, ta fito a 1989, ƙungiyarsu kuma ita ce NIOB. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006 ya ɗora wa magini shirya jadawalin aiki da tsarin tabbatar da inganci da tsarin kare lafiyar ma'aikata. Kundin yana da kyau a takarda. Aiki da shi ne ya yi ƙaranci, domin sai jiha ta mai da shi dokarta yake da haƙora.

Hanyar shiga ba ɓoyayyiya ba ce. Kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi da Fizis, kuma Kemistiri na da muhimmanci. Wanda ya yi zanen fasaha ya samu gaba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda tashar bincikenta ta noman rani ke nan Kadawa a ƙofar gidanku, tana da sashen gini mai daɗaɗɗen tarihi. Akwai shi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci, da ta Fasaha ta Minna, da ta Jos. Jami'ar Bayero tana koyar da zanen gini da ƙiyasin kuɗi da kula da kadarori da injiniyanci, ta Wudil ma tana da injiniyanci da zanen gini. A yawancin jami'o'i karatun gini shekara biyar ne, da watannin da ake tura ɗalibi wurin aiki ya sha ƙura. Wanda bai samu jami'a ba kada ya ce ƙofa ta rufe. Kwalejin Fasaha ta Kano tana da makarantar nazarin muhalli a Gwarzo, ga ta Kaduna. Shekara biyu ka karɓi ƙaramar difloma, ka yi shekara guda a fili, sannan ka koma babbar difloma ko ka tsallaka jami'a. Na yi aiki da mutanen da suka biyo ta nan, kuma ba na jin kunyar cewa da yawansu sun fi mu 'yan jami'a sanin fili a shekarun farko. Bayan hidimar ƙasa sai ka yi wasu shekaru ƙarƙashin wani mai rajista, ka zauna jarrabawar ƙwararru, sannan a ba ka hatimi.

Me ake koyo? Lissafin nauyi, halin ƙasa, halin kayan gini, awo, ƙiyasi, dokar kwangila, wutar lantarki da famfo, sarrafa ma'aikata, da zane a kwamfuta. Zan ɗauki abu ɗaya kawai in nuna muku daɗin abin. Kowa a nan yana cewa siminti ya bushe. Ranar farko a aji za a gaya maka siminti ba bushewa yake ba, sha yake. Ruwa ne ke haɗuwa da shi ya zama dutse, kuma haɗuwar tana ɗaukar makonni. Shi ya sa ake ɗibar kankare a ɗan akwati mai faɗin milimita 150, a jiƙa shi, a matse shi da inji a kwana 7 da kwana 28 a ga ƙarfinsa. Shi ya sa kuma kankaren da aka zuba a zafin Afrilu ko a iskar hunturu, aka bar shi ba ban-ruwa, yake mutuwa da ƙishirwa tun yana jariri. Aƙalla mako guda yake so ana shayar da shi. Ku 'ya'yan masu ban-ruwa ne, wa zai koya muku wannan? Amma abin mamaki, mutumin da ba zai bar albasarsa ta yi kwana uku ba ruwa ba, shi ne zai zuba dekin miliyoyi ya tafi ya bar shi da rana. A ɗaya gefen kuma, ruwan da ya yi yawa a wajen kwaɓi shi ma kashe kankare yake. Lebura yana son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin ɗauka a kwanon sarki. Aikinka ne ka hana, kuma ba zai so ka ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba a koyarwa a aji.

Ina sabon gama makaranta aka sa ni kula da ginin wani babban sito mai ofis a sama. Ba zan faɗi gari ba, ba zan faɗi kamfani ba. Da yamma na hau dekin na ƙirga rodi, na auna tazara, na duba 'yan guntayen kankaren da ake sakawa a ƙarƙashin rodi don kada ya kwanta a kan katako, waɗanda ma'aikata ke kira biskit. Komai daidai. Na sa hannu a takarda, na tafi gida ina jin kaina. Washegari da sassafe injin kwaɓi ya riga ya tashi, lebura sun yi layi. Akwai wani dattijo mai ɗaurin rodi, wanda tun zuwana nake gaishe shi a tsaitsaye, don a ganina ni mai digiri ne. Ya matso kusa da ni kamar zai wuce, bai dube ni ba, ya ce, "Injiniya, jiya ka ƙirga. Yau fa?"

Na ce, "Baba, ai na sa hannu."

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ya yi gaba.

Jikina ya yi sanyi. Na hau. A cikin dare an zare rodi ɗaya cikin kowane uku, an baje sauran don kada a gane. Na ce a kashe inji. Ɗan kwangila ya zo, ya fara da lallashi, ya koma cewa ni yaro ne, ya ce yana gini tun kafin a yi mini kaciya, daga ƙarshe ya tura yaronsa da ambulan. Ba zan yi muku ƙarya ba, albashina a lokacin bai kai abin da nake zaton yana cikin ambulan ɗin ba, kuma ina da aure a gaba. Abin da ya tsayar da ni, bayan tsoron Allah, dattijon nan ne da ke zaune a kan bulo yana kallona. An mai da rodin, aka yi zubi bayan kwana biyu. Ɗan kwangilar bai sake yarda an haɗa shi aiki da ni ba. Dattijon kuwa, daga ranar nake durƙusawa in gaishe shi, kuma rabin abin da na sani na fili a wurinsa na koya.

Don haka, ƙannena, wanda ya san ba zai iya cewa "a dakata" a gaban mai kuɗi, ko a gaban kawunsa ba, ya nemi wani kwas. Kuma wanda zai je jami'a don ya dawo ya raina birkila da kafinta, shi ma ya zauna. Takardarka ba ta ɗora bulo ko ɗaya. Su ne hannu. In sun yarda da kai za su gaya maka abin da aka yi da dare.

Batun abinci fa? Zan gaya muku gaskiya, kujerun gwamnati kaɗan ne: ma'aikatar ayyuka, hukumar tsara birane, sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, hukumar ilmin bai-ɗaya mai gina azuzuwa, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai kula da wannan shirin ban-ruwa namu. Wanda ya samu, madalla. Mafi yawa suna kamfanonin gine-gine ne, suna farawa da ƙaramin albashi da yawan rana. Wasu suna kula da manyan gine-gine bayan an gama su, asibitoci da bankuna da jami'o'i da masana'antu irin ta tumatir da Dangote ya buɗe a Kadawa a 2016, domin ginin da ke da inji da tukunyar tururi da rijiyar burtsatse kullum yana buƙatar mai lura. Bankuna da kamfanonin inshora suna neman wanda zai duba musu gini kafin su sa kuɗinsu. Wasu suna koyarwa.

Amma ni inda na fi hango muku arziki shi ne nan gida, inda ba wanda ya riga ku. Matashin da ya buɗe gidan bulo ya tsaya a kan adadin da buhu ɗaya zai fitar, ya shayar da bulonsa yadda ya kamata, ya buga sunansa a jiki, zai yi shekara biyu ana cewa kayansa da tsada, sannan a fara layi a ƙofarsa. Araha ba ta ado, kuma wanda bangonsa ya taɓa zubewa ya riga ya haddace wannan. Matashin da ya ƙware a ginin sito da wurin shanya da masana'antar casa a ƙasa mai laima, daga nan har Haɗeja da Bakolori ba zai rasa aiki ba. Ga buntun shinkafa da kuke ƙonawa, hayaƙinsa ya ishi kowa. Masu bincike sun daɗe da tabbatar da cewa tokarsa, in an ƙona shi a zafin da ya dace, tana iya maye gurbin wani kaso na siminti. Tsibinsa na nan a bayan kowane inji, yana jiran ɗan Kura ko ɗan Bunkure da zai yi digirinsa a kai.

Iyayena, ku ba ni aron kunne a kan 'yan mata. Na san abin da ake cewa, wai aikin rana ne, aikin maza. Akwai mata masu rajista a wannan sana'a a Najeriya, akwai masu koyar da ita a jami'a. Ƙiyasi da zane da tsara jadawali ba su san namiji ko mace ba. Sannan ku duba al'adarmu: ni in na zo duba gida iyakata zaure, sai an yi sallama an kintsa, in shiga in fito a gurguje. Wa ya san inda rufi ke yoyo, inda bango ya tsage a bayan gado, inda masai ya fara zaftarewa? Matar gida. Wa za ta zauna ta gaya wa dalla-dalla? 'Yar'uwarta mace. Rabin ginin ƙasar Hausa a rufe yake ga mai duba namiji.

Saura abu ɗaya, gyara. Mu mutane ne masu son sabo. Za a tara kuɗi a gina masallaci, amma ba a ware ko sisi don indararo. Magudanun wannan shiri da aka gina a shekarun 1970 sai da suka cika da yashi da kacala, ƙofofin ruwa suka ci tsatsa, na ƙarshen layi suka daina ganin ruwa, har aka ciwo bashin Bankin Duniya a shirin TRIMING aka sake gyara su. Yanzu an gyara. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su ne za su riƙe ƙananan magudanun, kuma suna buƙatar wanda ya iya duba kwalbati ya rubuta rahoto, ya ce wannan tsagar ta fata ce, waccan kuma ta kai ƙashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa ya fi ƙadangare iya shiga.

Ranka ya daɗe, ina da roƙo guda a gabanka da dagatai. Kafin hukuma ta iso, ku kuna nan. Duk wanda zai ɗora bene, ko makaranta, ko wurin da jama'a za su taru, mai unguwa ya tambaye shi abu biyu: ina zanen injiniya, kuma wane ne mai rajistar da zai tsaya ranar zubi? A rubuta sunan a littafi. Ba kuɗi za a karɓa ba, suna kawai.

Ku kuma ɗalibai ga aikin gida, ba sai kun jira JAMB ba. Gobe kowa ya zagaya ajinsu ko gidansu ya nemo tsaga a bango. Ku duba: a tsaye take, ko a kwance, ko ta bi layin bulo kamar matakala? Ta fi faɗi a sama ko a ƙasa? Ku ja layi da fensir a inda ta ƙare, ku auna faɗinta da rula, ku rubuta kwanan wata a gefe. Ku sake aunawa in an saki ruwan rani, ku sake bayan ruwan Agusta. In ba ta motsa ba, a cike ta da siminti a shafe. In ta wuce layin fensir ɗinku, ko ƙofar ɗakin ta fara cijewa, ku rubuta wa shugaban makaranta takarda, ku sa kwanan wata, ku ba shi ɗaya ku ajiye ɗaya. Na ga wata a bangon gabas na wannan ɗakin taro tun ina zaune, ga ta can sama da taga ta biyu. Wanda ke da fensir ya same ni a wurin in an tashi.